Ku tare hanya kafin ku zuba fenti

Da wanda ya ba da aikin shafa farin layi a kwaltar garin nan, da wanda ya karɓi aikin, duka ina da magana da ku, kuma raina a ɓace yake. Ba wanda ya hana ku aiki. Mu ma muna son layin. Tun da Damagaram ta samu sababbin tituna lokacin bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2018 muke fatan a riƙa sabunta shi in ya goge. Amma wane irin aiki ne a zuba ɗanyen fenti a tsakiyar hanya da rana tsaka, motoci da adaidaita da ƴan kabu-kabu suna bi ta kai, babu allon gargaɗi, babu mai ɗaga tuta, babu ko igiya da aka gitta?

Ni abin ya same ni na fito daga wajen Kasuwar Dole zan shiga Birni. Wata babbar mota ta matse ni, na kauce mata, tayoyin hagu suka hau layin. Babu abin da ya nuna ɗanye ne. Sai da na tsaya a ƙofar gida na ga ɓarnar: taya ta kwashi fentin ta watsa shi cikin kogon da take juyawa, ta fesa wa ƙasan ƙofofi, ƙarfen tayar ma duk ɗigo-ɗigon fari. Na koma wurin, na tarar da ɗaya daga cikin masu aikin yana tattara kaya. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, mu sa mu aka yi." Haƙurin ne zai wanke mini mota?

Mutane da yawa sun ɗauka irin fentin bangon ɗaki ne, a sa omo a goge. Ina! Wannan an haɗa shi ne don ya kama kwalta, ya jure rana da ruwan sama da tayar tirela. Akwai wanda ake damawa da ruwa, akwai na sinadari, akwai kuma wanda sai an narka shi da wuta, zafinsa ya kai wajen digiri 200, kafin a shimfiɗa. Sannan ana barbaɗa masa ƙananan ƙwayoyin gilashi, kamar yashi, don ya riƙa walƙiya in fitilar mota ta haska shi da dare. Waɗannan ƙwayoyin su ne masifar. Ka sa tsumma ka dirza, su karce maka jikin mota, ka fita daga wata asarar ka faɗa wata. Ga zafin garinmu, wanda a watan Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40. Kafin ka kai gida fentin ya riga ya ƙame.

Masu sanin abin suna cewa a wanke nan take da injin feshi mai ƙarfi, tun bai bushe ba. A Zinder? Garin da magidanci yake kwana yana sauraron famfo, yake sayen ruwan sha a hannun mai garuwa? Ruwan da iyalina za su yi girki da wanka shi zan kwarara wa taya saboda wani ya ƙi ajiye alama?

In ya bushe kuwa, wahalar ta ninka. Sai ka shafa basilin da kauri, ko ka fesa WD-40, man nan na kwance tsatsa, ka bar shi ya jiƙa har fentin ya yi laushi, sannan a fesa ruwa. A jikin ƙofa wannan yana yi. A cikin kogon taya, inda robar take da kaushi, sai an ɗaga mota an kwance taya, a shafa, a bar shi ya kwana, a wanke, a sake shafawa. Kuma dole ka tsaya a kan yaron da ke aikin, kada maiƙon ya taɓa birki ko cikin tayar da ke taka ƙasa. Duk tsawon lokacin nan mota tana ajiye, ƙura tana manne wa maiƙon, kai kuma kana biyan kabu-kabu. Fentin da ke cikin taya tafiya za ta cinye shi, na gefenta kuwa sai buroshi da sabulu da ciwon kafaɗa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne halin da masu taksi da adaidaita suke shiga. Ba su da halin ajiye abin sana'arsu ko na wuni ɗaya. Sai su kai wurin wanki, yaro ya ɗauko fetur ko sinadarin tsinka fenti, wani ma har da reza. Farin ya fita, amma ƙyallin motar ya tafi da shi, robar taya ta bushe ta fara tsagewa. Ɗan kabu-kabu kuma ba maganar tabo yake ba, ɗanyen fenti santsi gare shi, yana iya kayar da shi da fasinjansa a gaban mota.

Me zai ci muku in kun tare rabin hanya, kuka gama, ya bushe, sannan ku koma ɗaya rabin? Ku jera robobin nan masu tsini, ku tsayar da mutum a kowane ƙarshe, ku zaɓi lokacin da hanya ba cunkoso. Mai ba da aikin ya rubuta wannan a cikin sharaɗi, ya turo mai dubawa. Kuma a faɗa mana ƙofar da wanda aka ɓata wa abin hawa zai ƙwanƙwasa, don kuɗin basilin da na wanki da na kwance taya daga aljihuna suka fita, ina kuma son a biya ni.