Lissafin shekara ba ya kare mai asma a Kakuri

Duk lokacin da hukuma ta ce iskar gari tana cikin ƙa'ida, ya kamata a tambaye ta tsawon lokacin da ta yi awon a kai, da kuma inda ta girke na'urar. Game da iskar salfa dayokzayid, wadda ke fita idan an ƙona dizal, baƙin mai ko kwal mai ɗauke da farar wuta, amsar wannan tambaya ce ke nuna ko dokar za ta yi aiki ko za ta tsaya a takarda.

Wannan iska ba ta jira kafin ta yi ɓarna, domin mai asma da ya shaƙe ta da yawa, cikin 'yan mintoci ƙirjinsa zai ɗaure. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, ban da iyakar maikirogiram (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) 40 a kowace mita kubik ta iska cikin awa 24 da ta sa a 2021, take da wata iyakar ta maikirogiram 500 cikin minti 10. Amurka ma a 2010 ta soke ma'aunin shekara da na awa 24, ta koma na awa ɗaya.

A duba telan da shagonsa ke jingine da katangar wata masana'anta a Kakuri, unguwar masana'antu a Kaduna. Da asubar hunturu, iska ta kwanta, hazo ya rufe gari, hayaƙin babban janareto ba ya tashi sama, sai ya bi layi ya cika shagon, yaron da ke masa aiki yana ta tari yana lalubar maganin shaƙa. Idan aka haɗa waɗannan 'yan awoyi da watannin damina aka raba, lissafin shekara zai fito fes, alhali yaron ya riga ya sha wahalarsa.

Awo a gefen masana'anta kaɗai ma bai wadatar ba. Da Turai ta dogara da shi, sai masana'antu suka tsawaita bututun hayaƙi, gubar ta sauka a tafkunan Suwidin da Norwe cikin ruwan sama, har sai da yarjejeniyar Helsinki ta 1985 ta wajabta rage jimillar abin da ake fitarwa da kashi 30 cikin ɗari.

A ganina, Kaduna tana bukatar abu biyun a tare. Matakin ECOWAS na 2020, wanda ya ƙayyade farar wuta a mai zuwa kashi 50 cikin miliyan, bayan shekarun da Najeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan a dizal, shi ne ke rage gubar tun daga tushe, muddin ana gwada man a daffo da gidajen mai. Sai kuma hukumomin kare muhalli, NESREA ta tarayya da KEPA ta jihar Kaduna, su ɗauki iyakar awa ɗaya, su girke na'urori a Kakuri, Kudenda da ƙauyukan da ke kewaye da matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980, tun kafin ta koma aiki gadan-gadan, su riƙa wallafa sakamakon kullum yadda mazauna za su gani.