Ƙwayoyin gajiya da suka kwantar da Kawu

Kwana uku ke nan ina asibiti ina jinyar kawuna. Shekara da shekaru yana dakon buhunan masara da wake a Tudun Hatsi, nan Gombe. Kullum da yamma sai ya biya wajen wani mai kyamis ya ce a haɗa masa na gajiya. A ƙulle masa diklofenak da ibufurofen a leda ɗaya, ya kora da ruwa, sau da yawa babu komai a cikinsa tun kokon safe. Ranar Talata ya yi aman jini, bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta. Likita ya ce gyambon ciki ne ke zubar da jini.

Da ya dawo hayyacinsa ya ce mini, "Ɗana, maganin ciwon baya na sha, me ya haɗa shi da ciki?"

Ga abin da ya haɗa su, Kawu. Jikinmu yana ƙera wani sinadari da ake kira furostagilandin. Ba a tara shi a ajiye, nan take ake yin sa a inda ake bukata. Idan nama ya ji rauni, bangon ƙwayoyin halitta yakan saki wani nau'in kitse, sai wasu sinadarai biyu, COX-1 da COX-2, su sarrafa shi ya zama furostagilandin. Shi ke buɗe hanyoyin jini har wuri ya yi ja ya kumbura, shi ke ƙara wa jijiyoyi jin zafi, shi ke sa ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki a yi zazzaɓi. Ciwon marar da mata ke fama da shi lokacin al'ada ma aikinsa ne, don yana matse mahaifa.

A 1971 ne John Vane na Ingila ya gano cewa asfirin toshe ƙera furostagilandin yake yi, abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1982 tare da wasu masana biyu 'yan Suwidin. Diklofenak da ibufurofen duk hanyar nan suke bi.

To amma sinadarin nan ba mugu ba ne. Shi ke sa ciki ya shafe bangonsa da yauƙin da ke kare shi daga ruwan tsami. Shi ke riƙe gudun jini zuwa ƙoda idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Yanzu ku dubi ɗan dako a zafin Afrilu, gumi ya tsotse shi, ciki wayam, sannan ya haɗiyi ƙwaya biyu masu rufe famfo ɗaya. Ciwon baya ya lafa, ciki da ƙoda sun rasa mai gadi. Ina jin tsoron wannan sosai a watan azumi. Likitoci ma har furostagilandin da aka haɗa a masana'anta suke bayarwa, wato misofurostol, don kare ciki ko tsayar da jini bayan haihuwa.

Haushina yana kan mai haɗin. Kawu bai yi boko ba, amana ya ba shi. Duk mai sayar da magani ya kamata ya san cewa haɗa biyu 'yan gida ɗaya ba ya ninka sauƙi, haɗari yake ƙarawa. Ya tambayi mutum: ka ci abinci? Kana da olsa, hawan jini ko ciwon ƙoda? Idan mace ce, tana da juna biyu? Farasitamol ya fi sauƙi ga ciki, shi ma idan aka zarce ƙa'ida hanta yake ci.

An ƙara wa Kawu jini leda biyu. Yau da safe ya fara shan kunu, kuma abokan aikinsa huɗu da suka zo dubiya duk sun ce irin ƙullin nan suke sha.