Maigida, Ina Iyalinka Za Su Kwana?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hunturu ya kankama, hutun makaranta ya zo, bukukuwa sun yi yawa. Sai ka ga magidanci ya kwashi mata da yara a mota, in an tambaye shi inda za su kwana ya ce Allah na nan. Haƙiƙa Allah na nan. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Kai kaɗai za ka iya kwana a kan benci a tasha. Jariri da mai juna biyu ba za su iya ba, kuma kai za a tambaya a kansu.

In tafiya ta kama babu masaukin da aka tanada, la'asar ce iyakarka. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, hazo kuma yakan rufe gari tun kafin nan. Da ka idar da la'asar, daina lissafin kilomita nawa suka rage, fara lissafin babban garin da ke gabanka. Mai zuwa Maiduguri daga Kano, misali, in la'asar ta same shi a Azare ko Potiskum, to ya sauka a Potiskum ko Damaturu. Kada a manta da Auno, wani gari kusa da Maiduguri, a watan Fabrairun 2020: matafiya sun tarar an rufe hanyar shiga Maiduguri, suka kwana cikin motoci a bakin titi, aka auka musu cikin dare, rayuka da dama suka salwanta. Allah Ya jiƙan su. Ko a hadisi an hana mai yada zango da dare ya sauka a kan hanya.

Matambayi ba ya ɓata, amma a san wanda za a tambaya. Tsaya a masallacin da ke cikin gari, ka sallaci magariba ko ka haɗa ta da isha tunda kana da rangwamen matafiyi, sannan ka samu liman ko wani dattijo ka ce masa da iyali kake. Wannan kalmar tana da muhimmanci, domin ba kowane masauki ne ya dace da matar aure da 'ya'ya ba, kuma mutanen gari sun san wanne ne wanne.

Kada ka biya kuɗi sai ka ga ɗakin da idonka. Bar iyali a mota a kulle, ka shiga kai kaɗai. Yaye zanin gado ka haska ɗinkin katifa da tocila. In ka ga ɗigo-ɗigon baƙi, kuɗin cizo ne, yara ba za su runtsa ba. Murɗa famfo ka ga ko ruwa na zuwa, ka tambaya ko za a samu ruwan zafi da asuba. Gwada sakatar ƙofa ta ciki. Duba tagar ko tana rufuwa ruf, don iskar ƙarfe 3 na dare ta ƙaramar kafa take shigowa ta kwana a ƙirjin yaro. Ka tabbatar mota za ta kwana cikin katanga, kuma akwai maigadi. In ka ji kiɗa na tashi ko ka hango wurin shaye-shaye, yi sallama ka ƙara gaba. Riƙe tsabar kuɗi, domin na'urar POS kan ƙi aiki daidai lokacin da aka fi bukatarta, kuma ka karɓi rasit. Yaran da suka kai shekara 10 a raba musu shimfiɗa kamar yadda sunna ta koyar, ko da tabarma da bargo ne a ƙasa. Shi ya sa bargo ɗaya ga kowane mutum, hula da safa ga ƙanana, buta da filas ba sa cikin kayan da ake ragewa in but ɗin mota ya cika.

Ga inda na fi jin tsoro. Sanyi ya tsananta, uwa ta tausaya wa yara, ta roƙi kaskon garwashi ta shigo da shi ɗaki, aka toshe ƙofa da taga. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai take fara kawowa, sai jiri, sai barci mai nauyi, da safe a ɓalle ƙofa a tarar da gida guda. Haka hayaƙin janareto in yana gindin taga ko cikin baranda, haka kwana a mota da inji a kunne da gilasai a rufe. Wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa a Madina, Annabi (SAW) ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, in za ku yi barci ku kashe ta. A ji ɗumin a waje, a bar kaskon a waje. In wani ya tashi da ciwon kai da amai, a buɗe ko'ina, a fitar da kowa, a nufi asibiti.

Da kun sauke kaya, ku karanta tare da yara: A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya sauka a wani masauki ya faɗe ta, babu abin da zai cutar da shi har ya tashi daga wurin.

In kuma gidan ɗan'uwa ko aboki za ka nufa, buga waya tun da rana, ka faɗi ku nawa ne. Wanda ka ƙwanƙwasa wa ƙofa ƙarfe 11 na dare da mutum bakwai ba zai kore ka ba, amma 'ya'yansa zai tasa daga kan katifarsu, matarsa kuma ta hura wuta cikin wannan sanyi. Shiga da burodi da kayan shayi a hannunka, kwana ɗaya ka yi godiya. Da safe kada ka ɗauki hanya da duhun asuba. Bari gari ya waye hazo ya ɗan ɗaga, yara su sha abu mai ɗumi, ka goge ƙurar gilashi da fitilu, sannan ku yi addu'ar hawa abin hawa.