Wai babu kayan aiki, alhali rana na bisa kanmu kyauta

Kun dai ga hoton nan da ke yawo tun jiya. Madubin hangen taurari sabo fil, yana jingine bayan kabad a ofishin shugaban wata lise, wato makarantar sakandare, ko ledarsa ba a ɓare ba, ƙura ta yi masa rawani. Wai ana jiran ƙwararre daga Yawunde. Madalla. Allah Ya kawo shi lafiya, kafin nan 'yan ajin ƙarshe sun rubuta bak, jarabawar gama sakandare, sun watse.

Amma masu cewa "ai babu kayan aiki" sun fi ba ni haushi. Wane kaya? Sanda ce babu a Garwa ko rana?

Ga yadda za a auna kewayen duniya: a samu sanda mai tsawon mita 1, mai tsinin kai, a kafa ta a fili mai lebur. A rataya zare da ɗan dutse a gefenta don a tabbata ba ta karkace ba. Daga 11:30 zuwa 12:45 yara su riƙa sa alama a bakin inuwar duk bayan minti 5. Inuwar da ta fi gajarta ita ce ta tsakar rana, ba ta ƙarfe 12 na agogon waya ba, nan da yawa ke tafka kuskure. A raba tsawon inuwa da tsawon sanda, a fitar da kusurwa da tanjan ɗin da suka haddace a darasin lissafi ba su san amfaninsa ba. Aji ɗaya a Njamena, ɗaya a Ngawundere, rana guda cikin Nuwamba, su yi musayar sakamako ta WhatsApp. Bambancin kusurwoyin biyu zai fito wajen digiri 4.8, tazarar arewa zuwa kudu kuwa kimanin kilomita 530 ce. A raba 360 da 4.8, a ninka da 530, sai ga kewayen duniya, kusan kilomita 40,000. Da irin wannan dabarar Iratostinis, masanin Girka, ya auna shi a Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce, ba lantarki.

Kada a haɗa Garwa da Marwa, sun yi kusa: digiri 1.3 kacal ne tsakaninsu, kuskuren santimita 1 a inuwa kuwa na iya cin kusan rabin digiri. Kada kuma a ɗauki kilomitocin hanyar mota, hanya tana lanƙwasa.

Wani zai ce ba ya cikin manhaja. Dokar Niyuton ta jan nauyi da tafiyar tauraron ɗan'adam fa, a manhajar wa suke? Yaro ya iya rubuta lissafin a allo, amma tambaye shi nisan wata, sai ya hau sosa ƙeya. Ɗauko ƙwallon ƙafa, ka ce ita ce duniya. Wata lemo ne mai faɗin santimita 6, a ajiye shi nesa da mita 6 da rabi. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kilomita 400 a sama tana zaga duniya cikin minti 90, milimita 7 ce tsakaninta da fatar ƙwallon. Rana kuwa tana can kilomita 2.6, bayan kasuwa. Wannan ma sai an jira Yawunde?

Wai 'yan mata ba sa fita da dare. Wa ya ce su fita? Daga tsakar gida, bayan magariba, kowacce ta zana siffar wata da inda yake har mako biyu, za ta gane da kanta cewa kullum yana matsawa gabas. Kakanninmu sun san taurari: sun san Zara, sun san Gamzaki, sun san Kaza da 'ya'yanta. Jikokinsu masu karatun kimiyya ba su san Zara da Gamzaki abu ɗaya ba ne. Wallahi wannan yana min ciwo, don yaran nan suna da kai, nuna musu ne ba a yi ba.

Af, tun da an zo nan: ranar 2 ga Agusta 2027 za a yi husufin rana, cikakke a Masar da Libiya, mu nan wani ɓangare za mu gani in hadari ya bari. Don Allah kada wani malami ya ba yara gilashin da aka turara da hayaƙi ko baƙin tabarau, idon zai ƙone ba tare da an ji zafi ba. A huda kwali da allura, a juya wa rana baya, a kalli hotonta a kan farar takarda.