Mai farfaɗiya na mantuwa, me ya sa ba a tambayarsa?

Idan mai farfaɗiya ya je ganin likita, tambayar da aka fi yi masa ita ce sau nawa ciwon ya tashi a watan nan. Tambaya ce da ta dace, amma a ganina rabin ciwon kawai take taɓawa. Ɗaya rabin mantuwa ce, kuma da wuya a tambaye shi a kanta.

Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suna isar da saƙo ga juna ta wasu 'yan ƙananan mahaɗai. Duk abin da mutum ya koya, wasu mahaɗan ne suka ƙara ƙarfi, wasu suka sassauta. Tun a 1973 masana Bliss da Lomo suka nuna a ƙwaƙwalwar zomo cewa mahaɗar da aka zabura akai-akai takan riƙe ƙarfinta na tsawon sa'o'i. Koyo zaɓe yake yi, 'yan kaɗan yake ƙarfafawa cikin dubbai. Farfaɗiya kuwa ba ruwanta da zaɓe. Da ta tashi, ɗimbin ƙwayoyi ke ɓarkewa lokaci guda, sinadarin gulutamet, wanda ƙwayoyin ke zaburar juna da shi, ya malala, mahaɗai su ƙarfafa barkatai, kamar takardar da tawada ta zube a kai, babu wurin sabon rubutu. In ta wuce minti 5 ba ta lafa ba, lamarin gaggawa ne, domin idan ta daɗe, kalsiyam da ke kwarara cikin ƙwayoyin na iya kashe su.

Wurin da ya fi shan wahala shi ne hifokamfas, sashen da ke adana sabon abu. A 1953 aka yi wa wani majinyaci mai suna Henry Molaison tiyata, aka cire masa babban kaso na wannan sashen ta ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu don magance farfaɗiya. Ciwon ya yi sauƙi, shi kuwa bai ƙara iya riƙe sabon al'amari ba har ya rasu a 2008.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke fama da cutar, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan sun samu magani daidai. Madalla. Sai dai wasu magungunan, irin su fenobabital, su ma kan dakushe tunani. Abin da ke ci mini rai shi ne yaron da ya haddace darasi jiya, ya wayi gari babu, aka kira shi daƙiƙi.

Ina ganin ya kamata likitoci su riƙa gwada ƙarfin tunawa tun ranar farko, su maimaita duk lokacin da aka sauya magani. Wanda kuma ya ga mantuwarsa na ƙaruwa, ya gaya wa likita a duba maganin ko adadinsa. Kada ya daina sha da kansa, domin yanke shi farat ɗaya kan jawo tashin da ba ya lafawa.