Wa ya san sunayen 'yan mazan jiyan Kano?

Duk ranar 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Gwamna da manyan hafsoshi su ajiye furanni, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru, kafin azahar kowa ya kama gabansa. An zaɓi ranar ne saboda a cikinta yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Da can 11 ga Nuwamba ake yi, yadda Turawan Ingila suka bar mana. Ba ni da ja a kan bikin. Damuwata ita ce a dunƙule ake tunawa da mutanen nan, ba wanda ake kiran sunansa.

Dubban mutane na wucewa ta gaban Barikin Bukavu kullum, amma ƙalilan ne suka san cewa Bukavu gari ne a gabashin Kwango, ƙasar da sojojinmu suka je aikin kiyaye zaman lafiya bayan 1960. Murtala Muhammed, ɗan Kano, yana cikin waɗanda suka je.

Kafin su akwai na yaƙin Hitila. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun gwabza da Japanawa a Burma, ƙasar da ake kira Myanmar yanzu. 'Yan Arewa sun yi yawa a cikinsu, har Hausa ce harshen bariki, hafsoshin Turawa ma sai da suka koya. A 1944 samarin da suka tashi a gonar gero da gyaɗa suka tsinci kansu a kwarin Kaladan, cikin ƙungurmin daji ga zazzaɓin cizon sauro, babu hanyar mota. Ta jirgin sama ake jefo musu abinci, wasu kuma aikinsu ɗaukar harsasai da kayan yaƙi a ka, suna hawa tudu suna gangarawa. A shekarun yaƙin filin jirgin Kano zango ne na jiragen yaƙi da ake haɗawa a Takoradi a wuce da su Masar.

Wani zai ce ai yaƙin Bature ne, kuma da yawansu dagatai ne suka kamo su aka miƙa. Haka ne, albashinsu ma bai kai na farar fata ba. Amma zaluncin na wanda ya tura su ne. Jarumtar tasu ce, jinin da ya zuba nasu ne, iyayen da suka zauna jiran wasiƙa namu ne. In mun manta da su don mulkin mallaka ne ya ɗebe su, mun cuce su karo na biyu.

Ka san dattijon nan mai kakin da ya koɗe, lambobin yabo rataye a ƙirji, yana gadi a ƙofar wurin biki. Ya buɗe wa motar yaron da bai wuce jikansa ba, ya ƙame ya sara masa. "Sannu Baba," sai a miƙa masa ɗari biyar a shige. Wataƙila da shi aka yi gumurzu a bakin kogin Neja lokacin yaƙin basasa, wataƙila a Laberiya cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Ba wanda ya tambaye shi.

Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1967 yanzu ya doshi 80. Na Burma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, sun tafi da labarinsu. Kada mu bari na yaƙin basasa su tafi haka. Sashen tarihi na Jami'ar Bayero zai iya tura ɗalibai su bi ta ƙungiyar 'yan mazan jiya, unguwa-unguwa, su naɗi muryoyinsu da Hausa. Gidan Makama ya ware ɗaki guda na sunaye da hotuna, har da na waɗanda suka kwanta dama a Malam Fatori da Metele na jihar Borno, a yaƙi da Boko Haram. Kuma a tambayi zawarawansu ko haƙƙin mazajensu ya iso hannunsu, a rubuta amsar kowace da sunanta, a kai wa majalisar jiha.