Ku Daina Yi Wa Mai Karatu Dariya

Jiya a majalisa na ga samari sun taru kan wani yaro suna ta ƙyalƙyala dariya, laifinsa kawai yana riƙe da The Time Machine na H.G. Wells, wai littafin ƙarya ne, wa ya taɓa ganin injin da ke kai mutum gobe. Wallahi raina ya ɓaci. Ko shafi ɗaya ba wanda ya buɗe a cikinsu, ɗaya ma cewa ya yi ya ga taƙaitaccen labarin a TikTok, to ɗan'uwa hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ƙannena, littafin nan tun 1895 ya fito a Ingila kuma har yau ana buga shi. Mutumin da ke cikin labarin ya hau injinsa ya dira a shekara ta 802,701, ya tarar 'yan Adam sun rabu gida biyu. Eloi suna sama, kyawawa, ba aiki ba tambaya, sai cin 'ya'yan itace da wasa, Morlock kuma suna ƙarƙashin ƙasa suna kula da injuna, dare ya yi su fito su kama na saman su cinye. Akwai inda ya shiga wani tsohon gini ya samu littattafai duk sun ruɓe don babu mai karantawa. Akwai inda yarinya Weena ruwa zai tafi da ita 'yan'uwanta na kallo ba wanda ya motsa. Mu yanzu ai waya za mu ɗaga mu yi bidiyo, wannan ma wata cutar ce daban.

Wannan kuke cewa ƙarya? Mutumin da ya rubuta ɗan talaka ne, uwarsa aikatau take yi, shi kuma an kai shi koyon aiki shagon yadi, karatu ne ya fitar da shi. Rabuwar mai kuɗi da ma'aikaci da ya gani a ƙasarsu ita ya zana. Amma ku kun gwammace dariya, rashin sani ya fi dare duhu. Ku kwana musun ƙwallo ba wanda ya ce muku kun haukace, ku ƙarar da data kan rigimar 'yan fim, amma yaro ya ɗauki littafi ya zama bature, ya zama mai iyayi. Haba!

Ku gyara don Allah, in ba za ku karanta ba ku ƙyale mai yi.

Mu da muna yara aron littafi muke yi, a yi layi, wanda ya gama ya miƙa wa na gaba. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya tun 1969, haka ya zagaya ajinmu har bangonsa ya cire aka ɗinke da zare. Yau laburaren unguwa a kulle yake, ƙura ta cinye kantoci, kuma ban ji saurayi ko ɗaya ya tambayi wa ke riƙe da makullin ba.